Kowane gwani da masominsa

Wata ranar Laraba na ce wa ƴan ajinmu, nan Tibiri, kowa ya ɗauki allo da alli ya zana abin da ya ga dama. Kafin a jima alluna sun cika da jiragen sama da motoci, irin waɗanda ke cikin littafin faransanci. Wata yarinya da ke zaune can baya ita ba ta yi jirgi ba. Ta ja da'ira babba, ta raba ta gida huɗu, ta cika kowane gida da ƴan layuka masu kan kibiya. Yaron da ke kusa da ita ya leƙa, ya fashe da dariya, ya ce: «Malam, duba! Wannan ai ba zane ba ne, gindin ƙwaryar innarta ne!» Aji ya ɗauki dariya. Kafin in kai wurinta ta sa hannu ta shafe allon.

Na tsawata, amma na makara. Laifin kuwa har da nawa, don ban taɓa gaya musu inda manyan masu fasaha na duniya suka samo hannunsu ba. Yau zan biya wannan bashi. Ku kasa kunne, yara, ku ajiye taswira kusa, za mu yi tafiya mai nisa.

Tambayoyi ukku

Mai fasaha shi ne wanda ke ƙirƙiro abu mai kyan gani, ko mai sa mutum tunani. Wani da fenti yake aiki, wani da laka, wani da zare, wani da ƙarfe. Waɗanda za mu ziyarta mutanen zamaninmu ne: aikinsu ya fito a lokacin kakanninku da iyayenku da naku.

In muna son mu gane aikin mai fasaha, sai mu yi tambayoyi ukku. Ta fari: ina asalinsa, me ya gani yana yaro? Ta biyu: me ya ja hankalinsa har ya kama wannan aiki? Ta ukku: yaya hannunsa yake?

Kun san abin da ake nufi da hannu. In inna ta je kasuwa sayen tulu, takan ɗaga shi, ta ƙwanƙwasa, ta dubi wuyansa, ta ce: «Wannan ginin wance ne.» Ba a rubuta suna bisa tulun ba, amma ta gane mai shi. Wannan alama da ke bambanta aikin wani da na wani ita ake kira hannu, ko salo.

Adar: magini da mai tsara gini

Mu fara da maƙwabtanmu. A ƙasar Adar, cikin jihar Tawa, akwai wani gari sunansa Yama. A shekarar 1962 mutanen garin suka sa wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya gina musu masallacin Juma'a. Da laka ya yi shi. Gari duka ya sa hannu: wasu suna yin tubali, wasu suna ɗebo ruwa, wasu suna kawo itace. Daga 1975 ya sāke gyara ginin, ya yi masa ƙubba, daga baya ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. An gama a 1982. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafi kyau na ƙasashen Musulmi.

Wata ƴar Nijar mai suna Mariam Issoufou ta bi wannan sawu ta hanyar makaranta. An haife ta a Faransa a 1979, ta girma a Nijar. Ta fara karanta ilimin kwamfuta a Amurka, ta yi aiki da shi, sa'an nan ta koma aji ta koyi tsara gini. A 2014 ta buɗe wurin aikinta a Yamai, ta raɗa masa sunan Hausa, Masomi.

Abin da ya dame ta kun san shi. Ɗakin siminti mai rufin kwano yakan zama kamar tanda da bazara, ɗakin laka kuwa yana riƙe sanyi. Sai ta koma ga ƙasa. Ana cuɗa ƙasa da ɗan siminti kaɗan, a matse ta cikin inji, ta fito tubali mai ƙarfi. A garin Dandaji, shi ma cikin jihar Tawa, akwai tsohon masallacin laka da ya fara lalacewa. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci babba kusa da shi, tare da maginan yankin. An gama a 2018. Hotunan wannan aiki sun zaga duniya.

Najeriya: tukunyar da ke bisa kuɗi

Wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 ya juya bayanta. Zai ga wata mata tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, Bagwariya ce daga garin Kwali. Wurin wata ƴar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana ƙarama. Hannunta shi ne zanen da take tsagawa a jikin tulu: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi. Sarkin Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, ya tara tulunanta a fadarsa. Can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar gini da ya buɗe a garin, ita ce mace ta fari. Ta koyi gasa tukunya da wuta mai tsanani har ta yi ƙyalli kamar tangaran, amma ba ta bar kunamarta da ƙadangarenta ba. Ta je Ingila da Amurka tana nuna gini. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984.

Sudan: ɗan makarantar allo

Yanzu mu nufi gabas, hanyar da alhazanmu na dā suke bi da ƙafa. A birnin Omdurman na Sudan aka haifi Ibrahim El-Salahi a 1930. Ubansa malami ne mai makarantar allo. Yaron ya tashi cikin tawada da alƙalami, yana ganin yadda ake yi wa allo zayyana in almajiri ya sauke.

Da ya girma aka tura shi Landan a 1954 ya koyi zane irin na Turawa. Ya iya ƙwarai. Ya dawo gida ya baje zane-zanensa a Kartum, amma mutane ba su damu da su ba. Abin ya ba shi haushi, ya kuma sa shi tunani. Ya shiga zagaya gidaje yana duban abin da mutane ke ƙawata ɗakunansu da shi. Sai ya tarar da rubutun larabci da adon kwanduna da na fata. Ya koma ga allon ubansa. Ya riƙa ɗaukar baƙi ɗaya na larabci, ya ja shi, ya lanƙwasa shi, ya karya shi, har wata siffa ta fito daga ciki. Launukansa na ƙasar Sudan ne: baƙi, fari, ja irin na laka, da ruwan ƙasa.

A 1975 aka kulle shi gidan kaso fiye da wata shidda bisa zargin da ba a tabbatar ba. An hana fursuna takarda. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane a ɓoye, yana binne su cikin rairayi. Daga nan ya samo wani sabon salo: ya fara da ƴar takarda guda, ya yi ta ƙara wasu kewaye da ita, zanen yana yaɗuwa kamar icce mai reshe. A 2013 babban gidan nuna fasaha na Landan mai suna Tate Modern ya baje aikin rayuwarsa. Shi ne ɗan Afirka na fari da aka yi wa haka a gidan.

Mali: mai zane da shadda

Mu juyo yamma. Abdoulaye Konaté mutumin Dire ne, a bakin kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai. An haife shi a 1953. Ya yi karatun zane a Bamako, ya ƙara a ƙasar Kuba. Da fenti ya fara, daga baya ya koma ga tufafi, abin da ke cike da kasuwannin Mali. Yakan sa a rina shadda launi-launi, a yanka ta siri-siri, a ɗinka dubban ƙyallaye jeri bisa jeri, har su rufe bango. In iska ta kaɗa sai su yi motsi kamar gashin zabo. Ya ɗauki darasi daga rigunan maharban Mali masu layu. Aikinsa yana magana bisa yaƙi da fari da cuta, abubuwan da ke damun mutanen Sahel. A 1996 ya ci babbar kyautar taron masu fasaha na Dakar.

Gana: marufan kwalabe

El Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a garin Anyako a 1944. Ubansa masunci ne kuma masaƙi, yana saƙar kente, zanen ƙasarsu mai launuka da yawa, wanda ake saƙawa ƙwarya-ƙwarya a haɗa, kamar sawayen masaƙanmu. El Anatsui bai zama masaƙi ba. Ya yi karatu a Kumasi, a 1975 ya tafi koyarwa jami'ar Nsukka ta Najeriya. Ya daɗe yana aiki da laka da icce.

Wata rana, wajen ƙarshen shekarun 1990, ya tsinci buhu cike da marufan kwalaben giya da aka zubar. Ya kai wurin aikinsa ya ajiye. Bayan wani lokaci dabara ta zo masa. Aka miƙe marufan, aka yanka, aka huda, aka ɗaure su da wayar jan ƙarfe. Samari da yawa ke taya shi, don aiki ɗaya yana cin marufai dubbai. Abin da ya fito ya yi kama da babban bargo na zinariya, mai iya rufe gaban gidan bene. Ko da yake ƙarfe ne, yana naɗewa kamar tufa, ya tuna wa mai kallo saƙar ubansa.

Akwai kuma tarihi a ciki. Giya tana cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa bakin teku suna musaya da bayi. Wanda ya san haka, in ya tsaya gaban wannan ƙyalli, zai tuna da mutanen da aka kwashe. A 2015 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a birnin Benis na Italiya, saboda aikin rayuwarsa.

Afirka ta Kudu: gashin kaza

Can ƙarshen Afirka akwai Ndebele, mutanen da matansu ke yi wa bangon gida ado, kamar yadda maginan Damagaram ke ƙawata gidajen Birni. Esther Mahlangu, wadda aka haifa a 1935, tana shekara 10 ta fara koyo wurin uwarta da kakarta. Da fari layukanta a karkace suke. Aka ce ta riƙa gwadawa a bayan ɗaki, inda baƙo ba ya gani. Sai da hannunta ya miƙe aka bar ta ta taɓa gaban gida.

Da gashin kaza take shafa fenti, ba ta aza ma'auni. Tana jan baƙin layi mai kauri, ta bi shi da fari, ta cika tsakiya da ja, shuɗi, kore da rawaya. A 1989 aka gayyace ta Pari, ta zana irin gidanta a gaban jama'a. A 1991 kamfanin BMW na Jamus ya ba ta mota sabuwa ta yi mata adon Ndebele. Ita ce mace ta fari da kamfanin ya ba wannan aiki. Da ta sami suna ta buɗe makaranta a gidanta, don kada adon ya ɓace.

Japan: ɗigo da kabewa

Mu ƙetare teku zuwa Japan, can inda rana ke fitowa. Yayoi Kusama an haife ta a 1929 a garin Matsumoto. Iyayenta masu gonar iri ne da furanni. Tana yarinya wani ciwo ya same ta: sai ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo sun rufe bango da ƙasa da jikinta. Abin yana ba ta tsoro. In ta zana ɗigon bisa takarda sai hankalinta ya kwanta. Uwarta ba ta son wannan aiki, har takan yaga takardun. Yarinyar ba ta bari ba.

A 1958 ta isa birnin Niyok na Amurka, ta koma Japan a 1973. Daga 1977 ta zaɓi zama a wani asibiti na Tokiyo, tana fita wurin aikinta da ke kusa. Hannunta ɗigo ne: bisa tufa, bisa icce, cikin ɗakuna masu madubai inda fitilu ke yawaita kamar taurari. Abin da ta fi so ta zana kuwa kabewa ce, wadda ta sani tun a gonar gidansu. A 1994 aka kafa wata babbar kabewarta, rawaya mai baƙin ɗigo, a bakin teku a tsibirin Nawoshima. Mutane suna zuwa daga ƙasashe masu nisa don su gan ta.

Mu dawo gida

To, mun gama zagaye. Me muka gani? Laka, tulu, allo, shadda, saƙa, bangon ɗaki, kabewa. Cikin waɗannan wanne ne babu a Tibiri? Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Amma ku lura da abu biyu. Na fari, babu wanda ya tsaya ga abin da ya gāda kaɗai. Kowa ya koyi sabon abu, a makaranta ko a ƙasar wasu, ya gama da na gida. Na biyu, duka sun daɗe suna aiki kafin a san su. El Anatsui ya wuce shekara 50 kafin ya tsinci buhun nan.

Ƙasarmu ta Arewa ma ta ba masu fasaha abin yi. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu ta tsaya gaban sojan Faransa. Marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi bisa labarinta a 1980. Med Hondo na Muritaniya ya mai da littafin silima a 1986, ya ci kyauta ta fari a taron silima na Wagadugu a 1987. Labarin da kakanninku ke bayarwa da dare ya kai idon duniya.

Sai dai akwai abin tsoro. Ku duba kasuwa: roba ta kori ƙwarya, jarka ta kori tulu, leda ta kori faifai. Roba ba ta da nauyi, ba ta saurin fashewa, don haka ba mu ga laifin mai saye ba. Amma kowace tsohuwa mai zanen ƙwarya tana da layuka a kanta waɗanda ba su cikin kowane littafi. In ta rasu ba ta koya wa kowa ba, sun tafi ke nan. In kuma muna yi wa mai koyo dariya, mu muka taya su tafiya.

Yarinyar nan ta ajinmu, washegari na roƙe ta ta kawo ƙwaryar innarta. Muka aza ta bisa tebur, kowa ya gwada zana ta. Yaron da ya yi dariya sau ukku yana shafewa, layukansa ba su gamu ba. Ita ta tashi ta nuna masa inda ake farawa: daga tsakiya.

Ma'anar kalmomi

Masomi: wurin da abu ya fara.
Fasaha: gwanintar ƙirƙiro abu da hannu da tunani.
Salo: hanyar da mutum ke yin aikinsa, wadda ake gane shi da ita.
Zayyana: adon da ake yi wa allo ko littafi da tawada mai launi.
Ƙubba: rufin gini mai kama da kifaffiyar ƙwarya.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi ukku ake yi in ana son gane aikin mai fasaha?
2. Don me Mariam Issoufou ta fi son ƙasa bisa siminti?
3. Me Ibrahim El-Salahi ya yi da ya ga mutanen Kartum ba su damu da zanensa ba?
4. Da me El Anatsui ke yin aikinsa? Wane tarihi aikin ke tunawa?
5. Don me aka sa Esther Mahlangu ta fara gwaji a bayan ɗaki?
6. Ku nuna waɗannan ƙasashe bisa taswira: Sudan, Mali, Gana, Afirka ta Kudu, Japan.

Aiki

Kowa ya nemi abu guda mai ado a gidansu: ƙwarya, tulu, faifai, tabarma, hula, rigar fata ta wuƙa ko lallen hannu. Ya tambayi manya wanda ya yi shi, da wurin wanda ya koya, da sunan adon in yana da suna. Ya rubuta amsar da hausa cikin layi biyar. Sa'an nan ya zana adon bisa allo yadda yake, ya sāke zana shi karo na biyu, ya ƙara wani abu nasa na kansa. Ran Litinin za mu jera alluna a gindin bango, kowa ya gani.